Yadda na gyara lemon citta da abarba mai gas

Da zafin Afrilu ya matsa, na ce bari in haɗa wa yara lemo mai gas a gida. Na markaɗa abarba ɗaya da ɗanyar citta kamar tsawon yatsa biyu, na tace a rariya, na zuba sukari, na juye ruwan soda kwalba biyu, na gauraya da ludayi. Kumfa ta taso har ta malale kan tebur. Kafin a kawo kofuna, lemon ya koma salam kamar ruwan randa.

Sau biyu ina wannan asara kafin na gano laifina. Gas ba ya zama a ruwa mai ɗumi, kuma ƙwayoyin sukari da tuƙar abarba su ke korar shi da sauri. Ludayin nan kuwa shi ya ƙarasa aikin.

Yanzu sai in dafa sukari kofi ɗaya da ruwa kofi ɗaya, da cittar da kanumfari 4, minti 10. In ya huce in haɗa da ruwan abarbar, in sake tacewa da farin ƙyalle mai tsabta, don rariya kaɗai ba ta riƙe tuƙar. In matse lemon tsami 2, in sa a firij tare da sodar su yi sanyi ƙarara.

Ba na haɗawa a jog kuma. Kowane kofi, haɗin ya kai kashi ɗaya cikin uku, sai in karkata kofin in tsiyaya soda a hankali ta gefe. Maigida ya ce cittar ta yi yaji, amma kofi biyu ya sha.