Darasi na 9: Kula da ƙafa da idon sawu

Idan gudu ya kama mutum sai ka ji ya ce, "Ƙafa me na ci ban ba ki ba?" To, akwai abin da yawancinmu ba mu ba ta, wato kulawa. Ƙafa ce ke kai manomi gona cikin duwatsun Adar, ita ke kai mace rijiya, ita ke yini tsaye ran Lahadi a kasuwar Tawa. Ƙasusuwa 26 ne cikin kowace ƙafa, ga jijiyoyi barkatai. Ɗaya ya samu matsala, gida duka ya ji a jikinsa.

Mu fara da abin da muka riga muka saba. Mai salla yana taɓa ƙafarsa wajen alwala sau da yawa a yini. Abin da ya rage kawai ya buɗe ido ya duba: tafin ƙafa, diddige, tsakanin yatsu, gefen farce. In an gama, a tsane ruwan da ƙyalle mai tsabta, musamman tsakanin ƙaramin yatsa da mai bi masa. Nan ne laima ke kwana, fata ta yi fari ta dinga ƙaiƙayi tana tsagewa. Shi ne ake kira cin ruwa. Masu ban ruwan albasa a Galmi da Tamaske sun san shi sarai, haka masu wanki da wankin mota. Akwai man shafawa da ake samu a farmasi in likita ya rubuta, amma sai an jure shafawa mako biyu zuwa huɗu. Wanda ya daina ranar da ƙaiƙayi ya lafa, ciwon zai komo masa.

Da ɗari kuma faso ke damun mutane. Iska ta busar da fata, diddige ya yi kaushi, ya dare har ya yi jini. A wanke da ruwa mai ɗumi da sabulu, a goge kaushin a hankali da dutsen goge ƙafa, a shafa man kaɗanya ko bazilin da dare, a sa safa a kwanta. Kada a sa mai tsakanin yatsu. Kada kuma a fere kaushi da reza, ko a ɗiga narkakkiyar leda cikin tsagar, don ƙuna ce ake ƙara wa ciwo.

Labarin kawuna

Kawuna ɗan kasuwa ne, yana da ciwon sukari. Wata rana da bazara na je gaishe shi bayan la'asar, na tarar ya miƙe ƙafafu bisa tabarma, ƙuda na bin ta dama.

Na ce, "Kawu, me ya samu ƙafar nan?"

Ya ce, "Ba komai, ɗana. Ai ko zafi ba na ji."

Na ɗaga ta. Ƙarƙashin babban yatsa akwai rami kamar faɗin kwabon dala biyar, bakinsa ya yi fari, yana fitar da ruwa mai wari. Na ɗauko takalminsa na zura hannu, sai ga kan ƙusa ya ɓullo daga ƙasa. Allah kaɗai ya san kwana nawa ya yi yana taka ta. Wata uku muka yi muna zuwa wankin ciwo, kuma duk da haka sai da aka cire yatsan. Har yau in na tuna maganarsa, "ko zafi ba na ji", sai raina ya ɓaci, domin wannan rashin jin zafin shi ne ciwon. Sukari in ya daɗe yana yawa cikin jini yakan kashe jijiyoyin ji na ƙafa, ya rage gudun jini, sai rauni ya shiga ba sallama kuma ya ƙi warkewa.

Saboda haka mai ciwon sukari ba ya tafiya ba takalmi, ko a tsakar gida, balle bisa rairayin watan Afrilu da ke iya toya fata. Ya duba ƙafarsa kullum. In ido ya yi rauni ko ba ya iya sunkuyawa, ya sa madubi, ko ya ce wa jika, "Zo ka duba mini." Ya gwada zafin ruwan wanka da gwiwar hannu. Kada ya kara ƙafa kusa da garwashi da ɗari. Ƙwarzane ko bororo, komai ƙanƙantarsa, a kai shi likita ranar ko washegari. Kuturta ma tana kashe ji a ƙafa, kuma maganinta kyauta ne.

Ƙaya, ƙusa da kwalba

Ƙarangiya da tsidau a cire su a wanke wurin. Amma ƙayar aduwa da ta shige ciki, ko ƙusa, ko fasasshiyar kwalba, ba abin wasa ba ne. A wanke da sabulu da ruwa mai tsabta sosai, a rufe da ƙyalle wankakke, a tafi gidan likita a tambayi allurar tetanos. Tetanos ita ce cutar da ke datse haƙora jiki ya sandare, kuma ƙwayarta cikin ƙasa da kashin dabbobi take zaune. Don haka masu sa ƙasa, toka, kashin shanu ko man birki a rauni, don Allah su bari. Dattawanmu suna tuna yadda kurkunu, tsutsar da ke fitowa a ƙafa, ke kwantar da majiya ƙarfi daidai lokacin noma. An kore shi da tace ruwan sha, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a 2013 cewa babu shi a Nijar.

Targaɗe

Idon sawu yakan gurɗe wajen sauka daga kabu-kabu ko amalanke, ko a filin ƙwallo da na kokowa. Kwana biyun farko ba a murza shi, ba a gasa shi da ruwan zafi. A naɗe ƙanƙara cikin ƙyalle a ɗora minti 15 zuwa 20, sau uku ko huɗu a yini. A ɗaure da bandeji ba tamau ba, a ɗora ƙafar bisa matashi. In mutum ya kasa yin taku huɗu, ko ƙafar ta karkace, ko yatsu sun yi sanyi sun sake launi, a je a ɗauki hoton ƙashi kafin kowa ya ja ta. Na ga ɗauri da karare da ya matse har ƙafa ta yi baƙi.

Kumburi ma a lura da shi. Mai ciki da ƙafafunta suka kumbura, ga ciwon kai ko gani dishi-dishi, a kai ta awo nan take. Haka wanda ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo.

Farce da takalmi

A yanke farce a miƙe, kada a ƙwaƙule gefensa, don kada ya tsiro cikin nama. In mai yankan farce na kan hanya zai yi maka, ka ba shi sabuwar reza ko almakashinka. Takalmi kuwa da yamma ake gwada shi, lokacin da ƙafa ta ɗan buɗe, a bar faɗin yatsa ɗaya a gaba. A kakkaɓe shi kafin a sa, saboda kunama da tsakuwa.

Mu tattauna

1. Me ya sa kawu bai ji ƙusar ba?
2. Me ake sa wa rauni a unguwarku? Wanne ne ya kamata a bari?

Mu rubuta

ƙafa, ƙaya, ƙusa, targaɗe, diddige, faso

Aikin gida: yau bayan alwalar isha'i, ku duba ƙafafunku da na tsoho ɗaya a gidanku. Ku rubuta abin da kuka gani cikin layi biyu, ku zo da shi aji.