Kurakuran da ke kayar da ɗan takarar shugaban ƙasa idan tazara ta yi kusa

A Kamaru zagaye ɗaya ake yi. Wanda ya fi kowa ƙuri'a, ko da bai kai rabi ba, shi ke hawa kujera na shekara 7. Duk lissafin kwamitin yaƙin neman zaɓe daga nan ya kamata ya fara, kuma nan ne aka fi yin sake. A zaɓen 11 ga Oktoba 1992, sakamakon da aka bayyana ya ba Paul Biya kashi 39.98 cikin ɗari, John Fru Ndi 35.97, Bello Bouba Maigari 19.22. Tazarar na ɗaya da na biyu ba ta kai ƙuri'a 120,000 ba, alhali Bello Bouba shi kaɗai ya kwashi fiye da 560,000, galibinsu daga nan Arewa. Har yau 'yan adawa na cewa maguɗi aka yi musu. Ko da an bar alƙaluman yadda suke, mutum 6 cikin 10 ba su zaɓi wanda ya ci ba.

Raba wannan 120,000 ɗin a kan rumfunan zaɓe da yanzu suka haura 30,000, za ka ga ƙuri'a 4 ce a kowace rumfa. Da wannan ma'aunin za ka auna duk abin da ke tafe.

Ƙawancen da aka ƙulla a makare

A Cadi, inda ake zagaye biyu, kowa na iya gwada ƙarfinsa a zagayen farko sannan a haɗu a na biyu, muddin an kai can. A 2024 ba a kai ba, tunda an ba Mahamat Idriss Déby kashi 61 tun a karon farko. A Kamaru wannan dabarar kashe kai ce. Ana kiran zaɓe aƙalla kwana 90 kafin ranar jefa ƙuri'a, 'yan takara kuma kwana 10 suke da shi su miƙa takardunsu da kuɗin ajiya Sefa miliyan 30. Kafin waɗannan kwana 10 su ƙare ya kamata a ce an gama magana. A 2018 Akere Muna ya janye wa Maurice Kamto ana saura kwana 2, an riga an buga takardun ƙuri'arsa an rarraba, hukumar zaɓe ta ELECAM ba ta janye su ba, wasu kuma suka jefa wa Muna. A 2004 gamayyar adawa ta tsai da Adamou Ndam Njoya, Fru Ndi ya fice ya tsaya da kansa.

Yarjejeniyar baka ba ta kai labari. A rubuta yadda za a fid da ɗan takara kafin a san wanda zai fita, da abin da kowace jam'iyya za ta samu, da wanda zai ɗauki nauyin wakilan rumfunan zaɓe a kowace gunduma. Wannan na ƙarshen shi ake mantawa, sai ranar zaɓe kowa ya zaci ɗan'uwansa ya tura mutane Poli ko Tibati, a wayi gari babu kowa.

Ƙaurace wa ƙananan zaɓuɓɓuka ma yana da farashi da sai daga baya ake biya. Dokar zaɓe ta 2012 ta ce jam'iyyar da ba ta da zaɓaɓɓen wakili ko da na ƙaramar hukuma, sai ɗan takararta ya kawo sa hannun manyan mutane 300, wato 30 daga kowane yanki. Jam'iyyar MRC ta Kamto ta ƙaurace wa zaɓen 'yan majalisa da ƙananan hukumomi na 2020, Kamto ya nemi tutar wata jam'iyya a 2025, aka ƙi amsar takararsa. Shi da ya zo na biyu a 2018 bai ma shiga fili ba.

Rajista

Ana buɗe rajista daga 1 ga Janairu zuwa 31 ga Agusta, amma a shekarar zaɓe tana rufewa ne ranar da aka kira zaɓen. Yaƙin neman zaɓe kuwa sati 2 ne kacal a dokance. Ma'ana, ranar da ka hau mumbari a Garwa, adadin waɗanda za su iya zaɓenka ya riga ya tsaya tun fiye da watanni 2 da suka wuce. Shekarun zaɓe 20 ne, ba 18 ba, kuma matasa da yawa a ƙauyukanmu ba su da katin ɗan ƙasa saboda tun farko ba su da takardar haihuwa. Aikin kwamiti tun shekara guda kafin zaɓe shi ne bin unguwa-unguwa da littafi: wa ke da katin ɗan ƙasa, wa ya yi rajista, wa ya karɓi katin zaɓensa, a wace rumfa sunansa ya fito. 'Yan gudun hijirar Mayo-Sava da Mayo-Tsanaga su ne suka fi buƙatar wannan bibiyar, don sunan mutum na iya kasancewa a garin da ya baro.

A sanar da mutane cewa wanda sunansa ke cikin jerin rumfa, ko katin zaɓensa bai zo hannunsa ba, kwamitin rumfar na iya barinsa ya yi zaɓe idan ya tabbatar da ko shi wane ne. Da yawa na zama a gida don ba su san haka ba.

Taro ba ƙuri'a ba ne

Filin da ya cika maƙil a Marwa yana ruɗin ɗan takara fiye da komai. Cire yara, cire waɗanda ba su da rajista, cire 'yan kallo da masu babur da aka zuba wa mai, sau da yawa sai ka tarar da taron tsintsiya ba shara. Kuɗin babban gangami ɗaya zai iya riƙe wakilan gunduma guda.

Haka kuma wanda ya ɗauki Arewa dunƙule ɗaya ya yi kuskure. Abin da ke damun manomin auduga a Mayo-Luti daban yake da na masunci a Logone da Shari, ko na makiyayi a Mbere. Fulatanci na ratsa kasuwanni, amma saƙon da aka faɗa da Tupuri a Mayo-Danay, da Mafa a Mokolo, da Larabcin Shuwa a Kuseri, shi ke shiga gida. Gaisuwar lamiɗo wajibi ce ta ladabi, sai dai kada a rubuta ƙuri'un ƙasarsa a littafi don ya tarbe ka da algaita. Gobe ma zai tarbi abokin hamayyarka. A duba kalanda kuma: Oktoba ne lokacin dashen masakwa a Diyamare, ruwa bai gama janyewa a wajajen Yagwa da Maga ba, kuma ranar Lahadi ake zaɓe. Wanda bai tanadi babura da kwale-kwale ba, ƙuri'unsa na gona.

Wakilin rumfa da takardar sakamako

Nan ne zaɓen da ya yi kusa ke tsayawa ko ya zube. Ana miƙa sunayen wakilai ga ofishin ELECAM na ƙaramar hukuma aƙalla kwana 6 kafin zaɓe, kuma daga cikin masu rajista a rumfar ake ɗaukarsu. Ɗalibin da aka kwaso daga Ngaundere aka kai wani ƙauyen Faro ana iya tare shi a ƙofa. Idan ka ba kowane wakili Sefa 5,000 kawai na abinci da kuɗin waya, rumfa 30,000 ta ci miliyan 150. A ware wannan kuɗin tun farko, a biya rabi da safe, rabi bayan ya kawo takarda. Wakilin da aka bari da yunwa tun ƙarfe 8 na safe, kafin 6 na yamma wani ya ciyar da shi.

Ga abin da za a koya masa, a kuma gwada shi a aikace kafin ranar. Ya iso kafin a buɗe, ya ga akwati babu komai a ciki. Tunda kowane ɗan takara da tasa takardar, ya ƙirga tarin na ɗan takararsa, ya tabbata an jera shi daidai da sauran, ya riƙa lura kada ya ƙare da rana tsaka. Ya sa ido kada a riƙa fita da ragowar takardu daga bayan labule, don da su masu sayen ƙuri'a ke tabbatar da ciniki. Ambulan da aka cusa takardun 'yan takara 2 a ciki ya lalace, kuma tun a gida ake koya wa tsofaffi wannan.

Ana ƙirga a nan take bayan rufewa, duhu na shigowa, saboda haka tocila da batirin cajin waya na cikin kayan aiki. Yawan ambulan ya yi daidai da yawan waɗanda suka sa hannu a jerin suna. Ƙuri'un 'yan takara haɗe da lalatattu su ba da jimillar masu zaɓe. Kada ya sa hannu a takardar da ba a cike ba, ko da an ce dare ya yi. Idan yana da ƙorafi, ya sa a rubuta shi a cikin takardar sannan ya sa hannu, domin kwafi na wanda ya sa hannu ne. Wanda ya yi fushi ya fice ya koma hannu rabbana. Ya ɗauki hoton kowane shafi, sunan rumfa da sa hannun kowa na fitowa sarai, ya tura ta WhatsApp, sannan takardar kanta ta bi babur zuwa gunduma a daren.

Doka ta ce asalin takardar da ke hannun ELECAM shi ne abin dogaro, wasu kuma kan ce ashe wahalar banza ce. Ba haka ba ne. A Malawi kotu ta soke zaɓen 2019 bayan an baje mata takardun sakamako da aka shafe da farin ruwan goge rubutu na Tipp-Ex, aka sake zaɓe a 2020, Lazarus Chakwera ya ci. Kuma ɗan takara na da kujera a kwamitin tattara sakamako na gunduma da na ƙasa, inda wakilinsa ba shi da abin cewa in babu takarda a gabansa.

Awa 72

Kotun Tsarin Mulki ce kaɗai ke bayyana sakamako, cikin kwana 15. Amma ƙara ana shigar da ita ne cikin awa 72 da rufe rumfuna, tun ba a ji sakamakon hukuma ba. A 2018 ƙararraki 18 aka shigar, aka yi watsi da su duka. Kamto ya ayyana nasara washegarin zaɓe, a Janairun 2019 aka kama shi. Ayyana nasara ba tare da baje takardu rumfa-rumfa ba na ɗora magoya baya a kan titi, ya bar lauyoyi babu hujja.

Tun mako guda kafin zaɓe lauyoyi su rubuta gangar jikin ƙarar, su bar gurbin sunan rumfa, lamba da abin da ya faru. A zaunar da masu shigar da alƙaluma a kwamfuta dare da rana, gunduma-gunduma cikin 58 ɗin, a fara da rumfunan da lissafinsu bai haɗu ba, da waɗanda aka ce kusan kowa ya fito ya yi zaɓe alhali wakili ya ga layi bai wuce mutum 50 ba. Daren Litinin a tantance, Talata a haɗa takardu, safiyar Laraba a miƙa a Yawunde, kada a jira yamma.