Yadda ake koya wa yaro ɗan shekara 3 zuwa 5 gane talla a waya da talabijin

Yaron Bahaushe ya san talla tun kafin ya san harafi. Ya ji "a sayi ƙosai" da sassafe, ya ga yarinya da tiren gyaɗa a ka, ya kuma san ba a ɗauka sai an miƙa kuɗi. Abin da bai sani ba shi ne, waƙar nan mai daɗi da ke katse masa katun a wayar mamarsa ita ma talla ce, tiren ne kawai ba a gani. Aikin iyaye da malaman nasare shi ne su haɗa masa waɗannan biyun a ka.

Da farko a san iyakar abin da za a nema daga gare shi. Masana halayyar yara sun daɗe da gano cewa kafin shekara 4 ko 5 yaro ba ya bambance shiri da talla sosai, kuma sai ya kai 7 ko 8 yake fahimtar cewa mai talla yana da manufa, har yakan zuzuta kayansa. Shi ya sa lardin Kwebek na Kanada ya hana tallan da ake nufin yara 'yan ƙasa da shekara 13 da shi tun 1980. Don haka kada a ɗora wa ɗan shekara 4 kayan da ya fi ƙarfinsa. Idan ya iya cewa "wannan talla ne" da "so suke mu saya", an ci riba.

A fara a tsakar gida, ba a gaban waya ba. A samo faranti, a ɗora abu 3 ko 4 da ya sani: lemo, sabulu, biskit, gwangwanin madara. A yanka takarda ta zama kuɗi (a guji tsaba da murfin kwalba, ƙananan yara na kai su baki). Babba ya fara ɗaukar talla, ya cika baki da gangan: "Zo ka sayi sabulun da in ka yi wanka da shi za ka tashi sama!" Yaro zai yi dariya. Sai a tambaye shi, "Anya, sabulu na sa mutum ya tashi?" Daga nan a ɗora masa farantin ya yi nasa tallan. Da ya ce lemonsa ya fi na kowa zaƙi, a ce, "To me ya sa ka ce haka?" Amsar da ake jira ita ce "don ki saya". Wataƙila ba za ta fito ran farko ba. Minti 10 ya isa, sau 2 ko 3 a mako, kuma kada a faɗa masa amsar da wuri, ta fi zama idan daga bakinsa ta fito.

Bayan mako ɗaya ko biyu sai a koma kan allo, a zauna kusa da shi. Tunda bai iya karatu ba, alamun da ido da kunne ke kamawa za a nuna masa. A YouTube, layin da ke tafiya a ƙasan bidiyo ja ne, na talla kuwa rawaya ne, kuma a yawancinsu bayan daƙiƙa 5 wani ɗan akwati na fitowa a gefe wanda ake dannawa a tsallake. A bar shi ya riƙa danna akwatin da kansa, yara na son wannan iko. A talabijin kuwa shirin yakan tsaya, fuskoki da muryoyi su canza, a cika allo da kaya ɗaya, a yi ta maimaita sunansa. A mayar da abin wasa: duk wanda ya riga ganin talla ya tafa hannu. Bayan tafin, tambaya biyu kawai: "Me suke so mu saya?" da "Mu muka zaɓe shi, ko shi ya shigo mana?" Kada a tsayar da kallo fiye da sau biyu a zama guda, in ba haka ba gobe zai ɗauki wayar ya shige ƙuryar ɗaki.

Rediyo na da nasa darasi. Ba duk abin da ya katse shiri ne talla ba. Akwai cigiya, da sanarwar ɗaurin aure ko rasuwa, da kiran a kai yara rigakafin shan inna. A tambaye shi, "Wannan kuɗinmu suke so, ko labari suke ba mu?"

Darasin da ya fi kamawa shi ne na gani ya kori ji. A ɗauko ledar taliyar yara kafin a buɗe, a sa shi ya lissafa abin da ke jikin hoton: ƙwai, nama, karas, ganye. Sai a buɗe a zazzage a kwano tare, a ce ya nemo ƙwan. Babu. Kada a yi masa dogon bayani, a ce kawai, "Sun sa hoton ne don ya ba mu sha'awa." Haka za a iya yi da biskit iri ɗaya: a sa ɗaya a leda mai hoton katun, ɗaya a leda marar hoto, ya ɗanɗana ya zaɓa, sannan a nuna masa daga fakiti ɗaya suka fito. Wani bincike da aka yi a jami'ar Yale ta Amurka a 2010 ya nuna cewa yara 'yan shekara 4 zuwa 6 sun fi jin daɗin abin ci idan akwai hoton katun a ledarsa, alhali abin da ke ciki ɗaya ne.

Akwai tallan da wannan koyarwa ba za ta kama ba. Bidiyon da wani yaro ke buɗe sababbin kayan wasa, da ɗan barkwancin da ke shan lemon kwalba ya juyo da sunan ga kyamara, da wasan waya da ke cewa a kalli talla a ƙara maka damar ci gaba da wasa, duk ba su da layi rawaya, kuma ko babba sai ya lura. Nan shinge ake sawa. A sauke katun ɗin da aka yarda da su, a kashe data kafin a miƙa wayar, a kashe tsarin da ke kunna bidiyo na gaba da kansa, a sa kalmar sirri a kan sayen komai. YouTube Kids, wato YouTube na yara, ma yana da talla, kada sunan ya ruɗi kowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa ɗan shekara 2 zuwa 4 kada ya wuce awa ɗaya a gaban allo a rana.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ce wa yaro "talla ƙarya ne". Gobe zai kira 'yar maƙwabta mai tallan awara maƙaryaciya, kuma gidaje da yawa da tallan nan ake ɗora tukunya. Abin da ya fi dacewa a ce shi ne, mai talla yana faɗin abin da ke da kyau a kayansa, sauran kuma mai saye ne zai duba.

Sannan kada a yi mamaki idan yaron da ya ci gasar tafi a gida ya kwanta a ƙasan kanti yana kukan alawar da ya gani a talabijin. Gane talla daban, danne kwaɗayi daban, na biyun kuwa sai da shekaru. Tun kafin a fita a yi magana: "Yau sabulu da shinkafa za mu saya, kai kuma ka zaɓi abu ɗaya." Idan aka saya masa don ya yi shiru, ya koyi cewa kuka ne kuɗin. A sanar da kaka da yayyensa wannan ƙa'idar, don sau da yawa ta hannunsu take karyewa.