Kurakuran da Ke Durƙusar da Gasar Besbol ta Yanki, da Yadda Ake Gyara Su

A gabashin jihar Massachusetts ta Amurka akwai wani zirin ƙasa da ya kutsa cikin teku, ana kiransa Cape Cod. Duk shekara, daga watan Yuni zuwa Agusta, ƙungiyoyi goma na buga gasar besbol a can, kuma babu ɗan wasan da ake biya ko sisi. Ɗaliban jami'o'i ne ke zuwa lokacin hutu. Duk da haka, daga nan manyan taurari irin su Frank Thomas da Aaron Judge suka bi kafin duniya ta san su. Wanda ya duba yadda suke tafiyar da abinsu zai gane cewa yawancin abin da ke kashe irin wannan gasa ba a fili yake faruwa ba, tun a teburin shiri ake yin ɓarnar.

Kuskuren farko shi ne haɗama wajen faɗin yanki. Masu shiri su zauna su ce sai kowane gari ya shigo, a jawo na gabas a jawo na yamma, don a ce gasar babba ce. To besbol ba kamar ƙwallon ƙafa ba ce da ake bugawa sau ɗaya a mako. Kusan kullum ake fita fili. A baya, shekaru da dama kowace ƙungiya a Cape Cod wasa 44 ta riƙa yi cikin wata biyu. Idan kowace fita sai an kwana a hanya, kuɗin mota da na masauki kaɗai sun isa su cinye asusun. Gyaran shi ne a taƙaita. Ƙungiyoyin nan goma an raba su gida biyu, biyar a gabas (Brewster, Chatham, Harwich, Orleans da Yarmouth-Dennis), biyar a yamma (Bourne, Cotuit, Falmouth, Hyannis da Wareham), kuma duk inda aka je wasa, a gida ake kwana.

Sai batun masauki, wanda ake yawan barinsa sai ƙarshe, alhali shi ne ƙashin bayan tafiyar. Yaro ya taso daga Kalifoniya ko Texas, ba albashi, ina zai sa haƙarƙarinsa? A Cape Cod iyalan gari ne ke karɓarsu. Kowace ƙungiya tana da mai kula da wannan aiki, tun kafin kaka ta kama yake bin gidaje yana neman masu ɗaki. Ɗan wasa ya zama ɗan gida, ya ci abin da aka dafa, ya bi dokar masu gida. Ribar ba ta tsaya ga sauƙin kuɗi ba. Matar da ta wanke wa yaro kayan wasa da safe, ba sai an yi mata talla ba kafin ta zo kallo da yamma, kuma ba ita kaɗai za ta zo ba.

Kuskuren da ya fi ɗaure mini kai shi ne a tsara jadawali ba tare da an duba fili ba. Besbol ba ta da agogo. Zagaye tara ake yi, ko awa biyu ya ɗauka ko huɗu. Filin da ba shi da fitilu, irin Lowell Park na Cotuit, dole a fara wasansa da wuri, in ba haka ba duhu ya riski mutane ana tsaka da zagaye na bakwai. A Chatham kuwa hazo ne ke tasowa daga teku ya lulluɓe fili, mai tsaron baya ya ɗaga kai ya nemi ƙwallo a sama ya rasa. Nan ne rigima ke tashi: masu rinjaye su ce wasa ya ƙare, waɗanda ke baya su ce sai an sake. Maganin shi ne a rubuta hukuncin tun ba a san wanda zai shafa ba. Dokar besbol da aka saba da ita ta ce idan an kammala zagaye biyar, wasa ya tabbata. Cape Cod ta kuma yarda da kunnen doki, ta ba mai nasara maki biyu, canjaras maki ɗaya. A bar ranakun da babu wasa a cikin jadawali saboda ruwan sama, domin zai zo.

Akwai kuma dogaro da sunayen da ke kan takarda. Koci ya tara taurari a jeri yana murna, ranar buɗe gasa rabinsu ba su iso ba, saboda makarantunsu na can birnin Omaha na jihar Nebraska suna buga gasar ƙarshe ta jami'o'i, wadda kan kai ƙarshen Yuni. Wasu tawagar ƙasa ta kira su. Tun 2021 da aka mayar da zaɓen sababbin 'yan wasa na MLB, babbar gasar besbol ta ƙwararru a Amurka, zuwa Yuli, wasu a tsakiyar kaka suke tattara kayansu. Shi ya sa ake ɗaukar 'yan wucin gadi da yarjejeniya bayyananna, kowa ya san matsayinsa. Abin da ba a so shi ne a bar ƙofar a buɗe babu ƙa'ida, har ta kai ana shigo da sojan haya ana gab da wasan ƙarshe, kamar yadda muka saba gani a gasar ƙwallon unguwa. A sa ranar rufe rajista, a tsaya a kanta.

Masu jifa, wato masu jefa wa mai duka ƙwallo, su ne suka fi shan wahalar rashin tsari. Hannun ɗan adam ba inji ba ne, kuma koci mai yunwar kofi zai iya sa yaro ya yi jifa yau ya sake gobe har gwiwar hannu ta lalace. A ƙayyade yawan jifa da kwanakin hutu a rubuce, a ba wani mutum daban aikin ƙirgawa.

Sandar dukan ƙwallo ma sai an yanke shawara a kanta. Cape Cod ta yi amfani da ta ƙarfe na wasu shekaru, sannan a 1985 ta koma ta katako. Ta katako tana karyewa, tana cin kuɗi, amma ita ƙwararru ke riƙewa, don haka masu farautar 'yan wasa suka riƙa cika filayen. Ƙaramar gasa da ba ta da wannan buri, ta tsaya ga abin da aljihunta zai ɗauka, amma kowa ya riƙe iri ɗaya.

Wajen suna, kada a ari na manya. Da MLB ta matsa kan haƙƙin sunayenta, Chatham Athletics ta koma Anglers, Orleans Cardinals ta koma Firebirds a 2009, Hyannis Mets ta bi sahu a 2010 ta zama Harbor Hawks. Sababbin riguna, sababbin huluna, sabon allo.

Kuɗin ƙofa kuwa, da yawa suna zaton shi zai riƙe gasa. A Cape Cod kyauta ake shiga. Masu aikin sa kai ne ke zagayawa suna karɓar gudummawa, ana sayar da abinci da riguna, 'yan kasuwar gari suna sa tallarsu. A Eldredge Park na Orleans, tun da safe mutane ke zuwa su shimfiɗa barguna a kan tudun da ke gefen fili don kama wuri, su koma harkokinsu, sai yamma su dawo da yara da kujerun naɗewa.