Idan Tsohon Talabijin Mai Doro Ya Ƙi Kamawa

1. Fara da soket. Jona wani abu daban, ko fitila ce, ka ga ko akwai wuta. Sannan ka bi wayar talabijin ɗin da hannu tun daga fulogi, ko ta tsinke ko ɓera ya ci.

2. Danna babban maɓallin da ke jikin talabijin ɗin. Rimot ba ya tada shi idan wannan a kashe yake. Sauya batirin rimot ɗin ma.

3. Yanzu kasa kunne, nan ne aikin yake. Lafiyayyen talabijin yakan yi "dum" da an kunna shi, sai wata siririyar ƙara ta biyo baya. Kai bayan hannunka kusa da gilashin: idan gashin ya miƙe, wuta mai ƙarfi na isa, matsalar ta hoto ce, watakila haske aka rage. Idan jar fitilar gaba ta kama amma sai "tik-tik" kake ji, wani abu ya haɗe a ciki, galibi turanzistar da ke tura layin hoto, ko kafasta, 'yar na'urar da ke tara caji, ta kumbura. Shiru kuma babu fitila, zargi fiyus.

4. Cire fulogi, jira minti 10, ka sake jonawa. Wani lokaci shi ke nan.

5. Kada ka buɗe bayansa. Kwalbar hoton da ke cikin doron tana aiki da wuta mai ƙarfin kusan bolt 25,000, kuma tana riƙe caji ko an cire fulogi. Kai wa mai gyara, ka faɗa masa irin ƙarar da ka ji. Idan fiyus ne, ya duba abin da ya ƙona shi, in ba haka ba sabon ma zai bi sahu.