Ɗan Tambarin da ke Kan Kwandalar Azurfa: Kurakuran da Aka Fi Yi da Gyaransu

Shekarar da riɗi ya yi kuɗi a wajenmu, nan gefen Gumel, bayan na sallami 'yan ƙwadago na cika rumbu, sai 'yan kuɗi suka rage a hannuna. Kowa ya san yadda naira take narkewa idan aka ajiye ta a ƙarƙashin katifa, tumaki kuma ina da su daidai waɗanda yara za su iya kiwo. Sai zuciyata ta koma kan azurfa, don na taso ina ganin liyari biyu a adakar kakata, waɗanda suka ga fari da yunwa suka wuce, darajarsu tana nan. Na shiga birnin Kano na sayo kwandalar Kanada mai hoton ganye, oza ɗaya, da wata 'yar dabba ƙarama a gefen ganyen. Saboda wannan 'yar dabbar na biya kusan ninki biyu na kuɗin azurfar da ke cikinta.

Da damina ta kama, kuɗin taki ya gagara, sai na kai ta wurin wani dattijo maƙerin farfaru. Na ce, "Baba, ka duba nan gefen ganyen, akwai ɗan tambari, kaɗan aka buga irinta." Ya karɓa ya juya ta, ya ɗora a sikeli, ya ce, "Na gani, ɗana, kuma ya yi kyau. Amma ni narkawa zan yi in ƙera awarwaro, wuta kuwa ba ta san tambari ba." Ya yi mini tayin kuɗin nauyinta. Ban sayar ba, rago na kai kasuwa a madadinta, amma daga ranar na zauna na koyi abin da ya kamata in sani kafin in saya.

Ɗan tambarin nan ƙaramar alama ce da gidan buga kuɗi yake ƙarawa a kan wasu daga cikin kwandalolinsa, don tunawa da wani abu ko don bambanta wani rukuni. Kanada ta fara buga kwandalar ganye ta azurfa a 1988, a 1998 ta fito da masu ɗan hoton jirgin ruwan Titanic da masu damisa. Afirka ta Kudu ta buga kuɗinta mai suna Krugerrand na azurfa karo na farko a 2017 da lamba 50 a jikinsa, don cikar na zinariya shekara hamsin. Amurka ta sa V75 a kan kwandalarta mai gaggafa a 2020, shekara 75 da ƙarewar Yaƙin Duniya na Biyu, guda 75,000 kawai aka yarda a buga. Abu ne mai kyau a ido, har yau ina sonsa. Amma bai ƙara wa kwandalar ko ƙwayar gero ta azurfa ba.

Nan ne babban kuskuren yake, kuma shi na fara yi: haɗa kuɗin azurfa da kuɗin tambari a ɗauke su abu ɗaya. Kuɗin azurfa yana tare da kai duk inda ka je, maƙeri a Haɗeja ko a Kasuwar Kurmi zai auna ya biya. Kuɗin tambari kuwa yana aljihun wanda ya san tambarin kuma yake nemansa, irin wannan mutumin kuma ba ya zuwa kasuwar Maigatari ranar Alhamis. Gyaran shi ne kafin ka miƙa kuɗi ka raba farashin gida biyu. Duba kuɗin oza ɗaya ta azurfa a kasuwar duniya a ranar, ana samunsa a waya cikin dala, ka juya shi zuwa naira da canjin ranar. Abin da ya hau kan wannan shi ne ɗorin da kake biya. Sai ka tambayi kanka: idan ɗorin nan ya tafi gaba ɗaya, zan iya haƙuri? In kuɗin taki ne ko na asibiti ko na auren 'ya kake adanawa, sayi marar tambari, ka sami azurfa mai yawa da kuɗin. Mai tambari sai da rarar da ba ka ƙwallafa rai a kanta ba. Kuma tun ranar saye ka tambayi dillalin, "Alhaji, in na dawo da ita nawa za ka karɓa?" Amsar da zai ba ka ita ce ainihin darajarta a ƙasarmu.

Wani ruɗanin kuma, mutane suna ɗauka duk ƙaramar alama tambari ce ta musamman. Kwandalar ganye ta Kanada tun daga 2014 kowacce tana ɗauke da ƙaramin ganye a ƙasa, da lambobi biyu na ƙarshen shekarar a cikinsa, sai da gilashin ƙara girma ake ganinsu. Wannan alamar tsaro ce don hana jabu, tana kan miliyoyin kwandaloli, bai kamata a karɓi ko kwabo a kanta ba. Haka harufa irin W da S da P a kan na Amurka, sunan garin da aka buga su ne: Wes Foyin, San Faransisko, Filadelfiya. Har a tsofaffin sulallanmu na zamanin Turawa akwai H da KN, su ma alamun gidajen buga kuɗi ne na birnin Bamingam a Ingila. Akwai ma inda abin ya juya: dalar azurfa ta Amurka da ake kira Morgan, ta 2021, mai CC a jiki, wato alamar garin Kason Siti, ba a Kason Siti aka buga ta ba, gidan can ya daina buga kuɗi tun 1893, a Filadelfiya aka yi ta aka sa harufan don tunawa. Maganin duk wannan ɗaya ne, ka nemi shekarar da sunan kwandalar a shafin gidan da ya buga ta, ka ga ko sun ce sun fitar da irinta. Wasu kamfanoni masu zaman kansu sukan sayi kwandala ta gaske su buga mata alamarsu, ko su shafa mata launi ko ruwan zinariya, su sa a akwati mai kyau. Azurfar gaskiya ce, amma masu tarawa suna ganin an lalata ta ne.

Sai jabu, wanda shi ne ya fi cin mutane kuɗi. Da yawa daga cikinmu a Facebook ko WhatsApp suke ganin hoto, su tura kuɗi, a ba direban mota saƙo. Wannan cinikin biri a sama ne. Jabun yanzu tagulla ce aka lulluɓe da azurfa, tambarin da komai an kwaikwaya, ido kaɗai ba ya kamawa. Ƙaramin sikelin lantarki mai auna giram da ɗigonsa, irin na masu zinariya, bai kai kuɗin kwandala ɗaya ba, kuma shi ne abu na farko da ya kamata mutum ya mallaka. Ozar zinariya da azurfa giram 31.1 ce, ba 28.35 ta kayan kanti ba, a kula da wannan. Faɗin ta Kanada milimita 38 ne, ta Amurka 40.6. Tagulla ba ta kai azurfa nauyi ba, don haka in mai jabu ya daidaita nauyi dole kaurin ko faɗin ya ƙaru, in ya daidaita girma nauyin ya gaza. Sai a haɗa awo biyun. Maganaɗisu yana taimakawa, in ya kama kwandalar to ba azurfa ba ce, amma kada a tsaya a nan, don tagulla ma ba ya kama ta. Akwai kuma gwajin da iyayenmu suka sani: ka ɗora ta a kan yatsa ka taɓa gefenta a hankali da wani abu marar kaifi, azurfa tana amo mai tsawo kamar ƙararrawa, jabu kuwa tana mutuwa nan take. Abin da ba za ka yarda da shi ba a kan kwandala mai tambari shi ne a goga ta a dutse ko a ɗiga mata ruwan gwaji, don tabon ba ya fita. In ta zo a rufe cikin kwanson kamfanin tantancewa irin NGC ko PCGS, akwai lamba a jiki da ake dubawa a shafinsu, ka duba ka kwatanta hoton, don kwanson ma ana yin jabunsa.

Abin da ya fi ba ni tausayi kuwa shi ne wanki, don da kyakkyawar niyya ake yinsa. Azurfa tana dusashewa, wani lokaci ta yi ruwan ƙasa ko baƙi-baƙi a gefe. A gidajenmu maganin wannan sananne ne, toka da lemon tsami, ko man goge baki, a dirje har ta yi ƙyalli, kuma ga awarwaro da zobe wannan daidai ne. Wani abokina ya bar tasa a kan akwati, uwargidansa ta ga ta yi duhu, ta wanke masa ita tas don ta faranta masa. Ta yi haske, amma da gilashi sai ka ga fuskar duk ta cika da ƙananan zane kamar an ja tsintsiya a yashi. Masu tarawa suna gane wannan da kallo ɗaya, kuma daga ranar kwandalar ta koma kuɗin nauyinta. Garin neman gira aka rasa ido. Duhun da ya zo da kansa ba ya rage mata daraja kamar yadda dirza take yi. Haka fararen ɗigon nan masu kama da madara da ke fitowa a kan wasu, musamman na Kanada na kafin 2018, daga wurin bugawa suke, gogewa ba ta fitar da su sai dai ta ƙara ɓarna. A bar su. A kuma gaya wa iyali, don mafi yawan wankin nan ba mai kwandalar ne yake yinsa ba.

Ajiya ma tana da nata. A riƙe ta ta gefe, kada yatsa ya taɓa fuskarta, don zufa tana barin shaida. A bar ta cikin ɗan kwanson da ta zo da shi. Kada a ɗaure da robar ɗaure kuɗi, kada a naɗe a jarida, kada a ajiye inda hayaƙin murhu yake kaiwa ko kusa da buhun albasa, duk suna sa ta baƙi. Ɗakin ƙasa da damina yana da laima, gwangwani mai murfi da ɗan ƙullin nan mai shan danshi da ke zuwa cikin kwalin takalmi ya wadatar. Huda ta a rataya wa amarya kuwa, kamar yadda ake yi da liyari, ado ne mai kyau, amma a yi shi da marar tambari.

Tun da na ambaci liyari, mutane suna ganin 1780 a jikinsa su ɗauka ya shekara fiye da ɗari biyu. Wannan shekarar rasuwar Mariya Tereza ce ta Ostiriya, kuma an ci gaba da buga shi da wannan shekarar har zuwa yau. Nauyinsa giram 28 ne da ɗan kai, azurfar ciki kusan giram 23.4. Sulallan Afirka ta Yamma na 1913 zuwa 1919 azurfa ne, amma sulen Nijeriya na 1959 mai kan Sarauniya fari ne kawai a ido, tagulla ce da nikel.

Akwai kuma hakkin addini, wanda masu sha'awa suke mantawa da shi saboda suna ganin abin a matsayin kayan kallo. Azurfa azurfa ce. Nisabinta dirhami 200 ne, wajen giram 595, wato kwandala 20 masu oza ɗaya sun haura shi, in shekara ta zagayo ana fitar da ɗaya cikin arba'in. In ba su kai ba amma kana da wasu kuɗin a ajiye, ka tambayi malaminku yadda ake haɗawa. Abu na biyu, wani zai ce maka, "Ba ni mai tambarin nan in ba ka marasa tambari biyu." A ido ciniki ne mai kyau, amma azurfa da azurfa sai daidai da daidai, hannu da hannu, fifiko a nan riba ce da aka hana. Hanyar da malamai suke koyarwa ita ce ka sayar da taka da kuɗi ka karɓa, sannan ka sayi waccan da kuɗin. Sayen azurfa bashi ko biya kaɗan-kaɗan shi ma a tambaya kafin a shiga.

Na ƙarshe da zan faɗa ya shafi bayan rai. Tsoron ɓarayi yana sa mutum ya ɓoye abin har ga iyalinsa, kuma ɓoyewar daga idon gari daidai ce, kada ka nuna a majalisa, kada ka ɗora hoto a waya. Amma in babu ko mutum ɗaya amintacce da ya san inda suke da abin da suke, ranar rabon gado ko dai ba za a gan su ba, ko a kwashe su duka a kai wa maƙeri ya auna. Ni yanzu ina da ɗan littafi, kowace kwandala da layinta: ƙasar da ta buga, shekara, nauyi, irin tambarin, ranar da na saya da abin da na biya, da wanda ya ce zai karɓa in an mayar. Rasit ɗin yana maƙale a bayan shafin. Ƙanena ya san inda littafin yake, babban ɗana kuma na zaunar da shi na ba shi gilashin, na nuna masa 'yar dabbar da ke gefen ganyen, ya kuma auna kwandalar da hannunsa ya rubuta 31.1 a gefen nawa rubutun.