Yadda ake gwada M5, E63 da RS7 kafin a saki kuɗi

Yawancin yaran da ke zuwa wajena da maganar motocin nan uku, wato BMW M5, Marsandi E63 da Audi RS7, abin da suke fara tambaya shi ne wacce ta fi gudu. To ku bar wannan. M5 ta 2018 doki 600 gare ta, E63 S ta wannan zubin 612, kuma su biyun a daƙiƙa 3.4 suke kai gudun kilomita 100 a awa. Wallahi ko a titin Abuja zuwa Kaduna ba za ka ji bambancin ba. Inda suke rabuwa shi ne garejin makaniki.

Da farko ka san injin da ke ciki, ba sunan da ke bayan but ba. Kowane inji da ciwonsa. M5 ta 2005 zuwa 2010 mai silinda 10, kukanta kaɗai ya isa ya sa ka manta da shawara, amma mental ɗin kwanarod ɗinta yana cinyewa, ga famfon giyarta da ake kira SMG shi ma yana lalacewa. Idan ba a nuna maka takardar an canza mental ba, ka ɗauka ba a canza ba. E63 mai inji 6.2, na farko-farkon nan, kusoshin kan silinda ne ke karyewa ruwa ya shiga inda bai kamata ba. RS7 ta wajen 2014 kuma akwai 'yar rariya da ke tace baƙin mai kafin ya kai turbo, in ta toshe turbo biyun ne za su tafi tare.

Na biyu, kuma nan ne nake so ka tsaya sosai: kada ka yarda a tayar da motar kafin ka iso. Ka ce da dila ƙarfe bakwai na safe za ka zo, ka je shida da rabi, ka buɗe bonet ka ɗora hannu a kan inji. In da ɗumi, ka koma gida ka dawo gobe. Ni an taɓa yi min haka, na tarar da mota tana aiki lafiya lau har da esi a kunne, na biya, washegari da asuba na murza makulli sai ga ƙara kaf-kaf-kaf na 'yan daƙiƙu sannan ta yi shiru. Wannan ƙarar da ke ɓacewa ita ce duk labarin, in inji ya riga ya yi ɗumi ba za ka ji ta ba. Ka sa wani ya tayar, kai ka tsaya baya ka kalli salansa, hayaƙi mai shuɗi-shuɗi yana nufin tana shan baƙin mai. Idan Marsandi ce ka duba ko ta kwanta gefe ɗaya cikin dare, balan-balan ɗin iskarta ke yoyo, kuma ba arha ba ne.

Sai ka jona mata kwamfutar binciken laifin mota, taka ba ta dila ba, don ana goge laifi. Lambar shasi ka bincika a Carfax, shafin intanet da ke nuna tarihin mota, in daga Amurka ta fito, 'yan kuɗi kaɗan ne.

Tuƙi kuma minti talatin, a go-silo da rana tsaka, idonka a kan zafin inji. Ni dai a wajena M5 daga 2018 ita ce zaɓi, saboda giyarta mai 8 ta kamfanin ZF ba ta da rigima. Kafin ka biya ka tambayi kuɗin birki da taya huɗu, ka kuma tabbatar akwai inda za ka riƙa samun fetur mai kyau a garinku.